Wanda Ya Buɗe Masa Kwalbar Ƙarshe: Alhakin Mai Mashaya a Bauchi

Duk lokacin da zancen giya ya taso a Bauchi, hanya biyu kawai ake bi da shi. Wasu su ce haramun ce, a kai samame, a kwashe kwalabe a fasa. Wasu su ce ƙasar ta kowa ce, wanda addininsa bai hana shi ba a ƙyale shi da abinsa. Ana wannan ja-in-ja tun 2001, shekarar da jihar ta fara aiki da dokar laifuffuka ta Shari'a a zamanin Gwamna Ahmadu Adamu Mu'azu. Akwai tambaya ta uku da hayaniyar ta danne. Idan mutum ya zauna a mashaya ya sha har ya yi tatul, mai wurin yana kallonsa yana ƙara masa, sannan ya tashi ya hau mota ya banke ɗan makaranta a hanyar Dass, shin mai mashayar yana da kaso a cikin alhakin wannan jinin? Iyayen yaron, Musulmi ne ko Kirista, babu abin da muhawarar halasci za ta tsinana musu a wannan daren. Abin da ke gabansu shi ne kuɗin asibiti, ko makara.

Sai mun fara yarda cewa giyar tana nan kafin mu yi maganar alhaki. Ana sayar da ita a kasuwannin bariki, waɗanda ke kan filin gwamnatin tarayya, ana sayar da ita a wasu otal-otal da wasu unguwannin bayan gari. A Tafawa Ɓalewa da Bogoro, kamar yadda yake a Billiri da Kaltungo can jihar Gombe, burukutun dawa tsohuwar sana'a ce ta mata, da ita wasu ke biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu. Kuma kowa ya sani, ko da ba a faɗa a fili, cewa ba duka masu zama kan kujerun robar nan ne waɗanda addininsu ya halatta musu ba.

Dokokin da muke da su a kan giya hawa-hawa ne, kowane zamani ya ɗora nasa a kan na baya. Tun yarjejeniyar da Turawa suka yi a Brussels a 1890 aka ware yankunan Afirka da ba za a shigar da barasa mai ƙarfi ba, kuma Arewacin Najeriya ta faɗa cikin wannan rukuni a zamanin mulkin mallaka. Daga nan aka gaji tsarin lasisi: wane ne zai sayar, a ina, daga ƙarfe nawa zuwa nawa. Sai dokar Penal Code ta 1959, wadda sashenta na 403 ya mai da shan giya laifi ga Musulmi, sashe na 401 kuma ya hukunta buguwa a bainar jama'a ga kowa da kowa. Sai dokar Shari'a ta zo a sama, da haddin bulala tamanin na mazhabar Malikiyya ga mashayi Musulmi, da hukunci ga mai haɗawa da mai sayarwa. Idan aka lura, duk hawan nan uku idonsu yana kan abu biyu ne: ita kanta giyar, da wanda ya kai ta bakinsa. Mutum na uku, wanda bai sha ba, bai sayar ba, hanya kawai ya zo tsallakawa, ba a yi dokokin da shi a zuciya ba.

A ɓangaren addini babu wani ruɗani game da zunubi. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito daga Anas ɗan Malik ya lissafa mutum goma da aka la'anta a kan giya, ciki har da mai matsa ta, mai ɗaukar ta, mai sayar da ita, mai cin kuɗinta, da mai shayar da ita. Wato tun asali an ga mai zubawa a matsayin mai hannu a cikin lamarin. Amma zunubi daban, biyan diyya daban. A babin ramuwa da biyan ɓarna malaman fiƙihu suna bambance wanda ya aikata abu da hannunsa da wanda ya zama sanadi daga nesa, kuma ƙa'idar da aka fi sani ita ce idan su biyun suka haɗu, hukunci yana hawa kan wanda ya aikata da hannunsa. Maye kuma ba ya wanke mai laifi. A cikin Muwaɗɗa, Imamu Malik ya kawo labarin Marwan ɗan Hakam da ya rubuta wa Mu'awiya game da wani bugagge da ya kashe mutum, Mu'awiya ya ba da amsa cewa a kashe shi ramuwa. Penal Code ma a nan ta tsaya: wanda ya sha da son ransa ba zai fake da maye ba. Saboda haka, a bisa al'adar shari'o'inmu biyu, direban shi ne mai laifi, kuma daidai ne a fara da shi.

Matsalar ita ce farawa da shi sau da yawa ita ce ƙarewa da shi. Direban da ya bugu ko dai ya mutu a haɗarin, ko ya gudu, ko a kama shi a tarar ba shi da ko akuya. Inshorar mota da doka ta wajabta, wadda aka ɗaga kuɗinta daga naira 5,000 zuwa 15,000 a farkon 2023, da yawa daga cikin masu babura ba su taɓa jin sunanta ba, wasu masu motoci kuma takardar bogi ce a aljihun gaban motarsu. Sai a wayi gari wanda kawai ya fita da riba a wannan dare shi ne wanda ya karɓi kuɗin kwalba ta takwas da ta tara. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Wasu ƙasashe sun daɗe suna kokawa da wannan tambaya, kuma abin sha'awa shi ne ba su kai ga amsa ɗaya ba. A tsohuwar dokar Ingila da Amurka ta gada, ana cewa shan giya ne ke jawo ɓarna, ba sayar da ita ba, don haka mai mashaya ba shi da abin biya. A 1959 kotun ƙolin jihar New Jersey ta karya wannan tunani. Wasu mashaya sun shayar da wani matashi ɗan shekara 18, alhali doka ba ta yarda a sayar wa wanda bai kai 21 ba, ya hau mota ya yi karo ya kashe wani mutum. Kotun ta ce iyalan mamacin suna da damar neman diyya daga mashayar, domin duk mai hankali ya san abin da ka iya biyo baya idan aka ɗura wa yaro ko bugagge giya a zamanin da kowa ke tuƙi. A yau mafi yawan jihohin Amurka suna da irin wannan doka, ko da yake akasarinsu sun taƙaita ta ga hali biyu: sayar wa wanda bai kai shekaru ba, da sayar wa wanda buguwarsa ta bayyana ga ido.

Kanada ta ƙara taki ɗaya. A wata shari'a da kotun ƙolin ƙasar ta yanke a 1973, wani otal a lardin Ontario yana da abokin ciniki da suka san halinsa sarai, sun san idan ya sha ba ya iya kame kansa. Suka shayar da shi har ya fara damun mutane, sannan suka kore shi cikin dare, ga babbar hanya a bakin ƙofa. Ba a jima ba mota ta buge shi. Kotu ta raba laifin kashi uku: ɗaya ga direba, ɗaya ga shi mashayin, ɗaya ga otal ɗin. Hujjar alƙalan mai sauƙi ce. Tunda kun san shi, kun ga halin da yake ciki, kuma kuna da ɗakuna da waya, da kun kira masa tasi, ko kun kira wani nasa, ko kun kwantar da shi.

Shari'ar da ta fi kama da rayuwarmu, a ganina, ita ce ta Ostareliya, domin babur ne a tsakiyarta. Wani mutum a wani ƙaramin gari a tsibirin Tasmania ya shiga mashayar otal bayan an tashi daga aiki. Da aka ji raɗe-raɗin cewa 'yan sanda sun kafa shinge suna gwada numfashin direbobi, sai ya yarda aka kulle babur ɗin da ya zo da shi a ɗakin ajiya, ya miƙa wa mai wurin makulli, da niyyar matarsa za ta zo ta ɗauke shi. Bayan 'yan sa'o'i mai wurin ya ce ya isa haka, ya nemi lambar matar don ya kira ta. Mutumin ya fusata ya ƙi, ya ce a ba shi makullinsa. Mai wurin ya tambaye shi ba sau ɗaya ba ko zai iya tuƙi, ya ce zai iya. Aka ba shi. Bai kai gida ba. Matarsa ta kai ƙara, shari'a ta yi ta hawa har kotun ƙoli, wadda a 2009 ta ce mai mashayar ba shi da abin biya: baligi ne, babur ɗin a hannunsa ya zo, kuma babu dokar da ta ba mai otal ikon riƙe wa mutum kayansa ko tsare shi. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin karɓe makulli daga hannun bugaggen da ya fi shi ƙarfi zai fahimci alƙalan nan, ko da bai yarda da su ba. A lura kuma, a wannan shari'ar mashayin kansa ya kashe. Da ɗan wani ya take, da tambayar ta fi haka nauyi.

Ingila kuwa ta bi ta hanyar laifi maimakon diyya. Dokar lasisi ta 2003, sashe na 141, ta haramta sayar wa bugagge giya da sani, tara har fam 1,000, sai dai ba kasafai ake gurfanar da kowa a kanta ba.

To mu fa? Najeriya ba ta da wata dokar tarayya irin ta jihohin Amurka da ta fito ƙarara ta ɗora wa mai mashaya diyyar ɓarnar da abokin cinikinsa ya yi. Abin da lauya zai iya riƙewa shi ne dokar sakaci da muka gada daga Ingila, wadda tushenta ke komawa ga shari'ar nan ta 1932 da wata mata ta ce ta tarar da dodon koɗi a kwalbar lemonta. Ƙa'idar da aka fitar a can ita ce mutum ya kula kada aikinsa ya cutar da wanda ya kamata ya hango cewa zai iya cutuwa. A takarda, babu abin da zai hana babbar kotun jiha a Bauchi ko Gombe ta karɓi wannan hujja a kan mai mashaya. A aikace kuwa akwai duwatsu a hanya.

Na farko shi ne shaida. Sai an tabbatar cewa direban a buge yake, kuma wannan yana bukatar gwajin numfashi ko na jini cikin 'yan sa'o'i, ba washegari da rana ba. A haɗarin dare a hanyar Ningi ko Alkaleri, wa zai yi wannan gwajin? Mutanen gari ne ke fara isa, su kwashi wanda ya ji rauni a keke napep ko bayan akori-kura. Sannan sai an tabbatar a wace mashaya ya sha, nawa ya sha, kuma yaya kamanninsa suke lokacin da aka ba shi ta ƙarshe. Ciniki ne na hannu da hannu, babu rasit, ko da yake yanzu biyan kuɗi ta waya da na'urar POS ya fara barin sawu. Waɗanda suka zauna tebur ɗaya da shi su ne shaidu, kuma a garin da zuwa mashaya kansa abin kunya ne, ko ma laifi ne ga Musulmi, wa zai tsaya gaban alƙali ya rantse cewa yana wurin? Wannan wani sakamako ne na haramci da ba a cika kula da shi ba: yana rufe bakin shaidu.

Na biyu shi ne halinmu. Iyalan mamaci sukan ce kwana ne ya ƙare, manya su shiga tsakani, a yafe ko a karɓi ɗan abin da dangin direba suka kawo. Yafiya abu ne mai kyau, kuma haƙƙin masu jini ne. Amma ba a yafe abin da ba a san ana bin sa ba. Da yawa ba su taɓa tunanin cewa akwai wani mutum bayan direban da za a iya tambaya ba.

Yanzu a duba wanda ke tsaye a bayan kantar. A finafinan Turawa mai shayarwa ƙwararre ne, an horar da shi, yana da ikon cewa a'a. A nan galibi yarinya ce 'yar shekara ashirin da wani abu da ta zo daga ƙauye ko wata jiha, albashinta bai taka kara ya karya ba, kwana take a ɗakin bayan shagon. Aikinta shi ne mabuɗin kwalba a hannu ɗaya, tire a ɗayan. Ba ta kwashe kwalaben da aka shanye, a kan tebur ko ƙarƙashinsa ake barin su, domin da su za a yi lissafi a ƙarshe, kuma idan lissafi bai cika ba daga albashinta za a cire. Wato ita ta fi kowa sanin nawa mutum ya sha, don ƙirgawa take yi. Ita ta fara ganin lokacin da harshensa ya yi nauyi, ya fara maimaita magana ɗaya, ya tashi zuwa bayan gida yana dafa kujeru. Amma idan ya ɗaga hannu ya ce a ƙaro, kuma ta ce ya isa, abin da zai biyo baya zagi ne ko mari, sannan faɗan maigida don ta kori mai kuɗi. Ranar da aka kawo samame kuwa, ita ake tararwa. Mai shagon yana gida, ko yana wani gari, waya kawai zai buga.

Shi ya sa nake ganin duk dokar da za ta ɗora alhaki a kan mai zubawa ita kaɗai zalunci za ta ƙara. A dokar da muka gada ma, maigida yana ɗaukar ɓarnar da ma'aikacinsa ya yi a bakin aiki. Alhakin ya kamata ya bi kuɗin, ya sauka kan wanda sunansa ke jikin lasisi, wanda ya tsara cewa a sayar har sai aljihu ya ƙare. Idan ya san cewa kwalba ɗaya ta ƙari za ta iya cinye masa shago, shi da kansa zai gaya wa yaransa su daina ba wanda ya fara tangaɗi, kuma zai tsaya musu idan rigima ta tashi.

Sai dai mashaya mai lasisi ita ce ɓangare mafi sauƙi. Mafi haɗari shi ne giyar da ba ta da adireshi. 'Yar ledar barasa mai ƙarfi da ake ɓoyewa a ƙarƙashin tiren sigari da alewa a bakin tasha, ko kwalbar da aka cusa wa saiwoyi aka kira ta maganin basir ko na ciwon baya, direba ya kurɓa kafin ya ɗau hanya. Hukumar NAFDAC, mai kula da ingancin abinci da magunguna, ta cim ma yarjejeniya da kamfanoni a 2018 cewa za a daina ƙulla barasa a leda da ƙananan robobi da ba su kai mililita 200 ba, ta fara aiwatar da haramcin a Fabrairun 2024, sai matsin lamba daga 'yan kasuwa da majalisa ya sa aka ɗage wa'adin zuwa ƙarshen 2025. Hujjar hukumar ita ce arha da sauƙin ɓoyewa sun sa yara da direbobi na samun ta cikin sauƙi. A nan babu kanta, babu mai lura da wanda ya bugu, domin ba a wurin ake sha ba. Ga kuma barasar da ake dafawa a ɓoye. A 2015 mutane da dama sun mutu a Ode-Irele ta jihar Ondo, wasu gommai kuma a jihar Ribas, bayan sun sha ogogoro mai ɗauke da sinadarin methanol, wanda ke makantar da mutum kafin ya kashe shi. A irin wannan hali mai sayarwa ba sanadi ne daga nesa ba, guba ya miƙa da hannunsa, kuma dokar kisa ta sakaci ta isa ta kama shi ba tare da an ƙirƙiro sabuwa ba.

Gidan burukutu yana da nasa tsarin da ya kamata a yi masa adalci. Mai gidan ta san kowa da sunansa, ta san matarsa, ta san wanda in ya wuce ƙwarya uku sai an raka shi. Sau da yawa ita ce ke cewa wane tashi ka tafi gida, kuma a ji maganarta, don uwa ce a unguwar. Abin da ya canza shi ne a da mashayin da ƙafa yake komawa gida ta cikin gonaki, yau kuwa babur ne a jingine a gindin bishiya, wani lokaci ma fasinja zai ɗauka. Wasu kuma sun fara ƙara wa burukutun barasar kanti don ya yi ƙarfi, abin da ke rushe ma'aunin da ita kanta mai gidan ta saba da shi.

Wanda ke ganin wannan magana ba ta shafe shi ba don ba ya kusantar giya, ya tuna da mai kemis ɗin unguwarsu. Kafin gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a Mayun 2018, bayan wani binciken BBC, kwali-kwali ake sayar wa samari da 'yan mata, kuma mai sayarwa ya san ba tari suke yi ba. Tambayar ɗaya ce: wanda ya ga alama ƙarara, ya karɓi kuɗi ya miƙa, me ke kansa idan abin ya fashe a kan wani?

Abin da gwamnatin jiha za ta iya yi ba ya bukatar a taɓa muhawarar halasci. Duk inda hukuma ta ba da lasisi ko take karɓar haraji, a rubuta sharaɗi biyu a jikin takardar: ba a sayar wa yaro, ba a ƙara wa wanda buguwarsa ta bayyana. Wanda ya karya, a karɓe lasisi, kuma a buɗe wa wanda aka cutar ƙofar neman diyya daga mai wurin. A tsaya a kan waɗannan biyun kawai, kada a faɗaɗa har ya zama duk wanda ya sayar da kwalba ɗaya ya zama mai lamunin abin da baligi zai aikata bayan sa'a biyar, domin a nan alƙalan Ostareliya suna da gaskiya. Sannan a wadata jami'an kiyaye haɗurra da manyan asibitoci da kayan gwaji, ta yadda duk haɗarin da aka rasa rai za a auna direba a daren.

Abin da zai hana wannan faruwa siyasa ce. Ɗan majalisa Musulmi a Bauchi yana tsoron a ce ya tsara yadda za a sayar da giya, wato ya halatta ta ke nan, kuma abokin hamayyarsa ba zai bar wannan dama ta wuce ba. Ɗan majalisa daga yankin da ake sha yana tsoron duk wani sabon sharaɗi ya zama wata hanyar takura wa mutanensa, kuma tarihin rikice-rikicen garin Tafawa Ɓalewa ya ba shi dalilin yin taka-tsantsan. Masu mashaya kuwa sun fi kowa jin daɗin yadda abubuwa suke, domin samame na lokaci-lokaci da ɗan abin da ake ba jami'ai sun fi musu arha a kan diyyar rai ɗaya. Idan za a sami mai ɗaga wannan magana, zai fi yiwuwa ya fito daga ƙungiyoyin direbobi da masu keke napep, da likitocin sashen gaggawa, da kuma lauya guda da zai yarda ya kai shari'ar farko gaban babbar kotu don a ji abin da alƙali zai ce.